Na buga zanen AutoCAD a A1, sikel ya ki daidai kuma layuka duk kauri daya, ina matsalar take?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu aiki da AutoCAD ku taimaka min da shawara. Ban dade da fara aiki a ofishin zanen gini ba, oga ya bani fulan din wani gida yace in shirya a buga a A1 sikel 1:100 saboda za a kai wa magina. Na dauki fayil din DWG, wato fayil din zanen AutoCAD, na tura wa masu buga manyan takardu kai tsaye, sun buga, da aka kawo sai abu uku suka daure min kai. Na farko oga ya dora rula akan bangon da aka rubuta 10000, ya kamata ya bada santimita 10 cif amma sai ya bada 9.6, nan take yace wannan takardar bazata je wurin aiki ba. Na biyu layukan duk kaurinsu daya, da bango da kujera da layin awo ba bambanci, kuma duk abinda na zana da yalo baya ganuwa sai ka karkata takardar wajen haske alhali a sikirin shi yafi komai fitowa. Na uku sunayen dakuna sun canza kama sun kara fadi har suna hawa kan bango, tambarin ofis ma ya bace sai wani akwati da sunan fayil a ciki.

Mai shagon yace shi abinda aka bashi ya buga, ni kuma wlh a kwamfutata komai daidai yake. Toh laifin daga ina yake? kuma me ake turawa, DWG ko PDF? A makaranta a Model, wato shafin da ake yin zanen a ciki, muke komai mu ja window mu buga a A3 mu mika, ba wanda ya taba dora rula akai.

Tsohon_Zane ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, abin da ka ba shi ya buga, sai dai abin da ka ba shi ɗin ba gamammen aiki ba ne. Shi DWG yana jingine ne da wasu fayiloli da ke zaune a kwamfutarka, irin su fayil ɗin salon rubutu, hotuna, xref wato zanen da aka jingino daga wani fayil, da teburin alƙaluma wato CTB. Da ka tura shi shi kaɗai duk waɗannan sun zauna a wurinka, kwamfutar mai shago sai ta cike gurbin da abin da ta samu. In AutoCAD bai ga salon rubutun da ka yi aiki da shi ba yana sa simplex a madadinsa, kuma faɗin haruffansu ba ɗaya ba ne shi ya sa sunayen ɗakuna suka hau bango. Tambari kuwa hoto ne da aka liƙa daga wani folda, DWG adireshinsa kawai yake riƙewa ba hoton kansa ba, akwatin da ka gani yana gaya maka ne ya nema bai samu ba.

Maganar sikel ita ce babba. Tunda a Model ka bar komai, ba takarda ba sikel, mutumin ba shi da zaɓi sai ya ja window a kan zanen ya danna Fit to paper, ita kuma wannan ba ruwanta da 1:100, duk abin da zai sa zane ya cika takarda shi za ta ba ka. Kai ma ka yi sa'a ta faɗo kusa. Amma kusa ɗin nan ya fi nisa haɗari, don in an buga a rabin girma kowa zai gane, amma kashi 96 cikin ɗari ido ba ya kamawa, sai wani a wurin aiki ya rasa awo a wani lungu ya ɗora rula, ɗakin mita 4 ya karanta 3.84, santimita 16 sun tafi ke nan ba wanda ya sani.

Ga yadda nake yi. A Model ka zana komai da ainihin girmansa, bango mita 10 ka zana 10000 in a milimita kake aiki, kar ka taɓa ƙanƙanta zane a can don ya shiga takarda. Sai ka koma shafin Layout, inda ake tsara takardar bugawa, ka shiga Page Setup, wajen firinta ka zaɓi DWG To PDF ko AutoCAD PDF High Quality Print in sigarka daga 2016 zuwa sama ce, wajen takarda ka zaɓi ISO full bleed A1, milimita 841 faɗi 594 tsayi in a kwance za ka ajiye ta. Dalilin full bleed, ita kusan ba ta cin gefe, to kusurwar takardarka ta zama sifili da sifili, ba kamar ISO A1 zalla ba da take datse maka gefe ta ture firam ɗinka ya yanke. Kai da kanka za ka bar gefen, ka zana firam ɗinka milimita 20 daga hagu saboda huda ko ɗinki, milimita 10 a sauran ɓangarori uku, haka ƙa'idar ISO 5457 ta tsara.

Daga nan ka buɗe taga a cikin firam ɗin, wato viewport, wadda ake hango zanen Model ta cikinta, ka sa mata 1:100, ka gyara zaman zanen, sannan KA KULLE TA. Akwai alamar kwaɗo a ƙasan sikirin. Na rubuta da manyan baƙi ne don abin da ya fi ɓata wa sababbi aiki ke nan, mutum ya danna sau biyu cikin taga bai sani ba ya ɗan murza tayar linzami, sikel ya koma wata lamba mai ɗigo da ba ta cikin kowace rula, a ƙasan zane kuma har yanzu an rubuta 1:100. Ita tagar ka ajiye ta a leya, wato rukunin layuka, wadda ba a bugawa don kar layinta ya fito.

Wajen bugawa, What to plot ka sa Layout, sikel 1:1, milimita 1 daidai da yunit 1. Za ka ga in ka zaɓi Layout ma ita Fit to paper ɗin tana dushewa ba ta dannuwa. In PDF ya fito kar ka yi saurin turawa, buɗe shi a Acrobat Reader ka danna Ctrl da D ka duba girman shafi, dole ka ga 841 da 594, ko a inci 33.11 da 23.39. In ka ga 8.27 da 11.69 to A4 ka yi, koma ka sake. Wannan PDF ɗin shi za ka tura.

Mai_Filota ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba Tsohon_Zane, ka faɗi abin da kullum muke fama da shi. Ni ina gefen masu bugawa ne, bari in ƙara daga inda nake tsaye don ko PDF mai kyau ma ana iya ɓata shi a wajenmu.

Acrobat yana da Fit, da Shrink oversized pages, da Actual size, kuma yana riƙe abin da aka bari a bugun ƙarshe. In wanda ya riga ka fosta ya kawo aka sa Fit, kai ma a Fit za a buga maka in ba wanda ya lura, sai ya rage maka kashi biyu ko uku saboda gefen da injin ba ya iya bugawa. Don haka in za ka turo ka rubuta a saƙo ƙarara: A1, Actual size, kashi 100, baƙi da fari ko kala, kwafi nawa, a naɗe ko a ninke. Kuma ka sa girman a sunan fayil ɗin, misali fulan_kasa_A1, ba sai mun yi ta kira muna tambaya ba.

Sannan ku gane mu ba takarda yankakkiya muke sawa ba, naɗi ne a kan sanda injin yana ja yana yankewa. Wanda aka fi samu akwai mai faɗin inci 24 wato milimita 610, da mai inci 36 wato 914, akwai 42 ma. A1 tana shiga a 610 a tsaye, saura milimita 16 kawai a raba biyu, a 914 kuma tana shiga a kwance. A0 ita 841 da 1189 ce, injin inci 24 ba zai taɓa iya ta ba komai ƙwarewar mai shi, in ya ce maka zai yi to ƙanƙantawa zai yi ko ya buga biyu ya haɗa da gam, ka tambaya tun kafin ka je. Kuma injin ba ya kai tawada har bakin takarda, yana barin kamar milimita 3 zuwa 5, to mai kawo firam da ya kai har baki dole ko a yanke masa layi ko a rage masa sikel, ba na uku. Gefen milimita 10 da Baba ya faɗa shi ke raba mu da rigima.

Wani abu kuma, masu ɗauko firam ɗin da aka riga aka zana daga intanet ku riƙa dubawa, da yawa na Amurka ne. Su girman takarda ARCH D suke da ita inci 24 da 36, da ANSI D inci 22 da 34, ido zai ce maka A1 ce amma ba ita ba ce. ARCH D 610 da 914 ce, ta fi A1 girma ta kowane ɓangare, ka ce min in buga maka ita a A1 to ka ce in rage ke nan.

Kuma dan Allah a daina turo zane a matsayin hoto a WhatsApp, yana matse shi, layi mai kaurin milimita 0.18 ya koma hazo lambobi su cakuɗe. A turo a matsayin dokumen ko ta imel ko a filash. Akwai masu ɗaukar sikirinshot su ce a buga a A0, wlh ba ƙarya. Sai masu zuwa saura minti ashirin su miƙa aiki da fayil mai shafi talatin cike da hoton satalayit, ba a fafe gora ranar tafiya jama'a, injin sai ya gama narkar da fayil kafin ya fara ja.

In wurin aiki takardar za ta je ka tambayi irin tawadar. Wata ɗigon ruwa ɗaya ko gumin hannu ya isa ya sa jan layi ya bazu, mai figment ko injin hoda sun fi jurewa. Farar takarda mai giram 80 ta wadatar wa zanen layi, amma in da kala mai yawa kamar hoton gini na 3D tana jiƙewa ta yi kumbo, a nan sai mai kauri mai shafe.

Injiniya_Rodi ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ba wanda ya tsaya a kan maganar kaurin layi da yalo sosai, bari in ɗauki wannan.

Ɗan'uwa kalar da kake gani a sikirin a tsarin CTB ba ado ba ce, lamba ce. Kaloli 255 ne, kowace teburin yana gaya mata da wane alƙalami za ta fito, misali ja ya fito baƙi 0.18, yalo ya fito baƙi 0.25, da sauransu. Kowane ofis da nasa tsarin, kusan tabbas ofishinku na da fayil ɗin CTB, tambayi oga ko wanda ya daɗe a wurin ya ba ka ka zuba a foldar Plot Styles. Mai shago ba shi da shi shi ya sa yalo ya fito yalo a kan farar takarda. In babu gaba ɗaya ka ɗauki monochrome.ctb, yana mai da komai baƙi, kaurin kuma ka sa shi a leya. Layukan da suka fito duk ɗaya ɗin nan na Default ne, shi kuma 0.25 ne in ba a canza ba.

Kaurin da ake amfani da su 0.13, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7 har zuwa sama. Ni a 1:100 abin da aka yanka kamar bango da fila nake ba 0.5, ƙofa da taga da matakala 0.25 ko 0.35, awo da kayan ɗaki 0.18, ciko na hach 0.13 ko in sa masa toka-toka. Ba doka ba ce amma mutum ya tsaya nesa da takarda ya fara ganin bango kafin ya ga kujera, in ba haka ba zane ya zama gizo-gizo. A zanen rodi kuwa juyawa muke yi, rodin ne mai kauri kankaren siriri.

Tarkon da ke ciki: monochrome.ctb ba ya taɓa True Color. In ka ɗauko bulok, wato gamammen zane, na mota ko bishiya daga intanet wanda aka yi wa kala da lambobin RGB, komai zai fito baƙi ita kuma bishiyar ta fito kore shar, kuma a wajen bugawa shafin ya zama na kala saboda bishiya ɗaya. Ka duba Preview da kyau, ka shiga bulok ɗin ka mai da kalarsa ta cikin 255 ɗin ko ByLayer.

Rubutu kuma kar ya gaza milimita 2.5 a takarda, kanun ɗakuna 3.5, sunan zane 5 ko 7. In a Model kake rubutu a 1:100, 2.5 na takarda shi ne 250 a can. Dalilin da nake nacewa, ko ka buga A1 sai wani ya rage ta zuwa A3 don ya riƙe a hannu, A1 zuwa A3 rabi ne cif, 1:100 ya koma 1:200, rubutun 2.5 ya koma 1.25 wanda da ƙyar ake karantawa, to ina ga wanda ya fara da 1.8. A1 zuwa A2 kuwa kashi 71 ne, sikel ya zama wajen 1:141, ba rular da ke da shi, kar ka yarda a yi maka wannan.

Dan_Safiyo ya rubuta:

Duk na yarda amma Malam Tsohon_Zane maganar kar a tura DWG sam ban goyi baya ɗari bisa ɗari ba. In mai bugawa ne kawai eh PDF, amma wani lokaci wanda zai buga ɗin abokin aiki ne da zai ƙara nasa a kai, ko ana son a gyara kwanan wata a wurin. A nan umarnin ETRANSMIT ake yi, yana tattara xref da hotuna da salon rubutu da CTB ya ɗaure su a zif ɗaya. Sai a kula da siga, in naka tsarin 2018 ne shi kuma tsohon AutoCAD gare shi ba zai buɗe ba sai ka yi Save As zuwa 2013 ko 2010. Ni ina haɗawa da PDF ɗin ma a ciki don ya ga yadda ya kamata ya fito.

Sannan wanda yake zana a mita irinmu ya kula, 1:100 ɗin da ke cikin jerin sikel yana ɗauka Model da takarda yunit ɗaya ne. In Model mita ne takarda milimita, a umarnin Zoom cikin taga 1:100 shi ne 10xp, 1:500 shi ne 2xp, 1:1000 kuma 1xp. Wanda bai san wannan ba zai zaɓi 1:100 ya ga filinsa ya koma ɗigo ya ɗauka zanen ya ɓace.

Kuma kowace takarda a sa mata sandar sikel, wadda aka zana 0, 1, 2, 5, 10 mita. Rubutun 1:100 ƙarya yake zama da zarar an yi fotokwafi an rage, ita sandar tare take raguwa da zanen. Kana karɓar takarda tun kana tsaye a wurin ka ɗora rula a kanta, ta tsaye da ta kwance duka in ka sa biyu, don wani injin in jan takardarsa ya saki yana ba da daidai a faɗi ya kuskure a tsawo.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Nagode sosai iyayena da yayyena Allah ya kara basira. Na karbo CTB din ofis na hada Layout, PDF ya nuna 841 da 594. Saura abu biyu, layukan da suke yanke-yanke kamar na bim da na tsakiya a Model suna fitowa daidai amma a Layout sun hade sun zama layi daya. Kuma da na bude PDF din duk inda rubutu yake in na kai linzami sai wani dan akwati ya fito kamar kwament, shima zai fito a takarda ne?

Tsohon_Zane ya rubuta:

Na farko saitin LTSCALE ne, wanda ke tsara tsawon yankunan layi. Mai yiwuwa an ɗaga shi zuwa 50 ko 100 don layin ya yi kyau a Model, a Layout kuma PSLTSCALE, mai sa a auna yankunan da girman takarda, yana kan 1, to tsawon kowane yanki ya zama ya fi bim ɗin kansa tsawo shi ya sa kake ganin layi ɗaya. Ka mai da LTSCALE 1 ko 0.5, PSLTSCALE 1, MSLTSCALE 1, ka sa sikel ɗin anoteshon na Model a 1:100, sannan ka rubuta umarnin REGENALL don ya sabunta zanen, in ba ka yi wannan na ƙarshen ba za ka ɗauka bai yi ba. PSLTSCALE kowane Layout da nasa, in shafukan da yawa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwatunan kuwa na rubutun SHX ne, wato salon rubutun AutoCAD na kansa, AutoCAD yana mai da harafin layi sannan ya liƙa kwament don a iya neman kalmar a PDF. Yawanci ba sa fitowa a takarda amma suna damun mai dubawa, ka rubuta PDFSHX ka sa 0 ka sake fitarwa, in sigar 2016 ce sunansa EPDFSHX. Malam Dan_Safiyo na karɓi gyara a kan ETRANSMIT, sai dai ni in mai shago ne ko da zif ɗin ba na ba shi, don ba na son kowa ya buɗe tagar da na kulle. Kafin ka kai A1 ɗin ka fara gwada shafi ɗaya a firintar ofis a A3 ka sa kashi 50, bangon 10000 ya ba ka santimita 5.